Maɓallin dannawa: wanne ya dace da aikinka, na ɗinki, na roba, mai haƙora, na bugawa ko na maganaɗisu?

Duk telan da ya shiga shagon kayan ɗinki a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko wata kasuwa irinta, ya ce a ba shi maɓallin dannawa, tambaya ce za ta biyo baya: wane iri? Akwai na kati da ake ɗinkawa da allura, akwai na roba kala-kala a leda, akwai mai haƙora, akwai na ƙarfe da ake bugawa har iri biyu, ga kuma na maganaɗisu da ake sa wa jakunkuna. A ido duk aikinsu ɗaya ne, ka danna ya ce ƙas, ka ja ya buɗe. Sai dai wanda ya dace da rigar jariri ba zai yi kwana uku a tamfol ɗin Adaidaita Sahu ba, wanda kuma ya riƙe tamfol zai yaga rigar jariri tun a jan farko.

Ra'ayina tun daga farko shi ne yadi ne ke zaɓar maɓalli, ba ido ba. Yawancin maɓallan da ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau: ko dai yadin ne ya yage ya bar su, ko kuma an dasa su a kaurin da ba nasu ba. Don a ga dalili, sai an fara duba cikinsa.

Abin da ke cikinsa

Maɓallin dannawa na bugawa guda huɗu ne. Biyu ne ke yin aikin rufewa, wato namiji da mace. Sauran biyun, hula da ƙafa, aikinsu riƙe waɗancan a jikin yadi. Hula ita ce ake gani daga waje, tana da ɗan bututu a ƙarƙashinta da ke ratsa yadi ya shiga mace. A ɗaya ɓangaren rigar kuma ƙafa ce ke ratsowa daga baya ta shiga namiji. Idan aka buga, bakin bututun yakan baje ko ya naɗe a ciki, ya matse yadin a tsakani. Da zarar ya baje ba ya komawa yadda yake, shi ya sa maɓallin da aka buga a karkace sai dai a ɓalle shi a jefar.

Sirrin rufewar yana cikin siffar namiji. Kansa ya fi wuyansa faɗi, kamar gora. A cikin mace kuma akwai sifirin, 'yar waya ce da ƙofarta ta fi kan namijin ƙanƙanta kaɗan. Idan ka danna, kan yakan tura wayar ta buɗe, ya wuce, sai ta dawo ta cije a wuya. Ƙarar da kake ji ta dawowar wayar ce. Wannan tsari yana da hali ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: idan aka ja ɓangarorin biyu gefe da gefe, yadda ciki ke jan gaban riga, maɓallin yana riƙewa da ƙarfi, amma idan aka ɗaga gefe ɗaya sama, yana saki cikin sauƙi. Duk ƙarfin da aka sa wajen ɗagawar nan kuwa ta jikin yadi yake bi. Idan sifirin ya fi yadi ƙarfi, yadi ne zai sallama.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Heribert Bauer ne ya yi rajistar mallakarta a 1885, sannan a 1903 Hans Prym ya inganta ta da sifirin na waya, kuma kamfanin Prym da ke Stolberg a Jamus har yau yana ƙera su. Abin da ya sauya tun lokacin shi ne yawan ire-iren, musamman bayan shigowar roba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran, kaurin yadi da ƙarfinsa. Tsawon bututun hula da na ƙafa ƙayyadadde ne. Idan yadin ya yi siriri, bututun zai yi saura, ya lanƙwashe gefe ya toshe hanyar namiji. Idan ya yi kauri, abin da ya leƙo ba zai isa ya baje ba, kwana biyu maɓallin ya fita. A na ƙarfe, kimanin milimita 2 na bututun ya kamata ya leƙo bayan ya ratsa. Sannan akwai bambanci tsakanin yadin da aka saƙa a tsaye irin shadda, atamfa da kaki, da yadi mai talewa irin na shimi da kayan jarirai. Idan ka huda rami a mai talewa, ramin zai yi ta faɗaɗa.

Na biyu kuɗi, kuma a nan ake yawan ruɗuwa, domin kuɗin maɓalli daban, kuɗin abin sa shi daban. Wani irin yana da araha amma sai ka sayi filaya ko inji kafin ya yi maka amfani. Na uku ƙarko, wato yadda zai jure wanki, guga, zufa, rana da ruwan sama. Na huɗu sauƙin sawa da sauƙin gyara idan an yi kuskure. Na ƙarshe haɗari, wanda bai dami mai tamfol ba amma shi ne kan gaba ga mai ɗinkin kayan yara.

Na ɗinki

Wannan guda biyu ne kawai, namiji da mace, kowanne da 'yan ramuka a gefe, galibi huɗu, da ake bi da zare. Ba hula, ba ƙafa, ba huda. Ana sayar da shi a manne a kati, daga ƙanana na kusan milimita 6 zuwa manya da suka haura milimita 20.

A kuɗi ba wanda ya kai shi araha, kuma ba ya neman komai sai allura da zare. Babbar fa'idarsa ita ce ba a ganinsa daga waje. Shi ya sa ya dace da ɓoyayyen wuyan kaftani, gaban abaya, gefen rigar leshi, da duk wurin da ake son ya kwanta ba tare da an ga abin da ya riƙe shi ba. Kuma shi kaɗai ne za ka iya cirewa ka matsar ba tare da ka bar tabo ba. A yadi mai tsada wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rauninsa zare. Kowane ja a kan zaren yake ƙarewa, kuma gefen ramukan yana cin zaren a hankali. Bai dace da wurin da nauyi ke ja ba, irin ƙugun siket ko bakin jaka. Yana kuma cin lokaci: wanda aka ba kwangilar yunifom ɗin makaranta guda ɗari ba zai zauna yana ɗinka shi ɗaya bayan ɗaya ba. Wajen sawa, namiji ake ɗinkawa a ɓangaren da ke hawa sama saboda bayansa shafaffe ne, ba ya tasowa a guga. Ka shafa alli a kansa, ka danna a ɗaya ɓangaren, inda allin ya fito nan ne gurbin mace.

Na roba

A nan zan daɗe, domin shi ne ya fi jan hankalin masu ɗinkin kayan yara a yanzu, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana yin sa da wata roba mai tauri da ake kira poliyasetal, kuma sunan da ya fi yaɗuwa a kansa shi ne KAM. Guda huɗu ne, amma a maimakon hula da ƙafa, hula biyu ce iri ɗaya, kowacce da tsinke a tsakiya. Tsinken ya ratsa yadi ya shiga namiji ko mace, filaya ta matse shi ya baje. Babu waya a cikinsa, jikin robar ne ke talewa ya dawo. Girmansa da lamba ake kira: T3 kusan milimita 11, T5 kusan 12, T8 kusan 14. T5 shi ne na yau da kullum.

Maɓallin kansa yana da araha idan an saya da yawa, filayarsa ma ba ta kai kuɗin inji ba, kuma wanda bai taɓa riƙe ta ba zai iya koya a zama ɗaya. Ba ya tsatsa ko da kullum ake wanke shi, ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar zafi ko sanyi a jikin fata, kuma akwai shi a launin kusan kowane yadi. Rigunan marasa lafiya a asibiti da yawa shi ake sa musu, saboda ƙarfe yana fitowa a hoton ƙashi.

Matsalarsa wuta. Robar tana narkewa a wajen digiri 170, alhali dutsen guga idan aka kai shi matakin auduga yana kusan 200. Na gawayi kuwa ba shi da ma'auni, zafin da ya ga dama yake yi. Sau ɗaya mai wanki da guga ya bi ta kansa, hular za ta lotse, ko macen ta sauya siffa ta daina cizo. Ruwan bilic mai ƙarfi ma yana raunana wannan roba idan ana yawan jiƙa kaya a ciki, haka rana tana sa ta gautsi in ta daɗe tana dukanta. Saboda haka duk abin da zai zauna a waje ka cire na roba daga lissafi.

Kuskuren da aka fi yi da shi bai wuce sa shi a yadi falle ɗaya ba. Tsinken yana neman ninki biyu ko uku. A siririn yadi zai yi saura, ya kwanta gefe, ka danna ka danna ya ƙi rufewa. Maganinsa a ƙara ƙyalle ko gam ɗin nan da ake mannawa a wuyan riga, ko a rage bakin tsinken kaɗan da almakashi kafin a matse. Wani abin lura kuma, akwai kwaikwayo da yawa a kasuwa da ke kama da na ainihi a ido. Namijin wani kamfani ba dole ya shiga macen wani ba, ko da lambarsu ɗaya. Idan ka saba da kayan shago ɗaya, kada ka gauraya su da na wani a gwangwani guda.

Mai haƙora

Zobe ne mai ƙananan haƙora, galibi biyar, da ke ratsa yadi su lanƙwashe a cikin wani lungu da ke bayan namiji ko mace. Wanda aka fi gani a tsakanin ƙafafun rigar jarirai ta kanti shi ne mai milimita 9.5.

Hikimarsa ita ce ba a huda masa rami. Haƙoran suna bi ta tsakanin zarurruka, su kama yadin a wurare biyar a kewaye, maimakon wuri ɗaya a tsakiya. A yadi mai talewa babu wanda ya kama ƙafarsa. Cizonsa mai taushi ne, uwa za ta buɗe da hannu ɗaya tana riƙe da yaro da ɗayan. Akwai kuma mai rufaffiyar fuska mai ƙyalli, wanda ya yi suna a rigunan makiyayan yammacin Amurka ta hannun Jack Weil, wanda ya kafa kamfanin Rockmount a Denver a 1946. Abin da ya sa suka karɓe shi kuwa, idan riga ta maƙale a shinge ko ƙahon sa, maɓallin yakan saki maimakon a ja mutum.

Kuɗinsa matsakaici ne, da filaya ko inji ake sa shi. Haƙoran gajeru ne, don haka ba ya shiga jins ninki uku ko fata. Haɗarinsa kuma na gaske ne: idan haƙori ɗaya ya kauce bai shiga lungunsa ba, zai tsaya a waje da tsininsa, a daidai inda fatar jariri take. Ba a sa wannan maɓalli cikin gaggawa. Kowanne ka gama, ka shafa yatsa a kewayensa, sannan ka gwada cusa farce tsakaninsa da yadi. In farce ya shiga, bai kamu ba.

Na bugawa mai waya biyu

Idan ka leƙa cikin macensa za ka ga 'yan wayoyi biyu a jere, ɗaya a kowane gefen ramin. Namijinsa siriri ne mai ɗan tsawo. A kayan da ake shigowa da su daga Sin lambobi ne a jikin ledar: 655 shi ne milimita 10, 633 milimita 12.5, 831 kuma milimita 15.

Wannan shi ne na tsakiya. Ya fi na roba ƙarfi da kyan gani, amma buɗewarsa da rufewarsa da laushi. Wurinsa rigar sanyi, rigar jins, aljihun kaki, walat da jakar hannu ta fata mai laushi. Yana jure guga, kuma idan na tagulla ne yana iya kai ƙarshen rayuwar rigar. Sai an huda masa rami daidai da bututunsa, ba fiye ba. Abin bugunsa ma nasa ne shi kaɗai, kuma na ɓangaren mace daban da na ɓangaren namiji, saboda wayoyin nan biyu suna a fili, bugu ɗaya da ƙarfen da ba nasa ba ya isa ya murƙushe su.

Na bugawa mai zobe

Macensa faffaɗa ce, a cikinta akwai zoben waya guda da ya kewaye bakin. Idan ka girgiza ta za ka ji zoben yana 'yar ƙara, da haka ake gane shi. Namijinsa gajere ne mai faɗi. Lambar 201 ita ce mai milimita 15. A kayan Amurka za ka ga an rubuta layi 20 ko layi 24, wato tsohon ma'aunin maɓalli da layi 40 ke daidai da inci ɗaya, don haka layi 24 kusan milimita 15 ne, layi 20 kuma ya ɗan haura 12.5.

Da yake zoben yana cije wuyan namiji ta kowane gefe, shi ya fi kowa riƙo. Na tamfol ne, da tanti, da rigar kujerar mota, da kuben wuƙa, da ɗamara, da jakar fata mai kauri irin wadda dukawa ke yi. Akwai namijin da ake yi da sukuru a gindinsa don a ɗaura a katako ko ƙarfe, mace kuma ta zauna a jikin tamfol. Akwai ma wanda ba ya buɗewa sai ta gefe ɗaya tak, irin Pull-the-DOT da ake sa wa kayan soja da rufin jiragen ruwa, mai ɗigo a hularsa da ke nuna inda za a ja.

Yana da tsada, amma kayan bugunsa na hannu ba su da tsada: ƙarfen huda, ƙarfen bugu, 'yar maƙera mai lotsawa da hular ke zama a ciki don kada ta baje, sai guduma. Bugu kaɗan-kaɗan a miƙe ya fi bugu ɗaya mai ƙarfi. Haɗarinsa ƙarfinsa ne. A sa shi a atamfa ko shadda, ranar farko za a ciro shi da guntun yadi a bakinsa. Ko a tamfol ma gara a ninka gefen ko a ƙara ɗan faci. Idan ƙurar hunturu ta sa shi taurin buɗewa, a goge shi a shafa masa ɗan kakin kyandir, kada a finciko shi da ƙarfi.

Na maganaɗisu

Shi ba sifirin gare shi ba. Maganaɗisu ne a cikin macen ke jan namijin, ɗan tsinin tsakiya kuma yana hana su zamewa gefe. Ƙafafu biyu ne a bayansa da ke ratsa yadi, a zura musu ɗan faifai, a lanƙwashe. Milimita 14 da 18 ne aka fi samu. Yana neman abokinsa da kansa, ba ya son inji, shi ya sa masu ɗinkin jakar mata ke ƙaunarsa.

Iyakarsa jaka. Riƙonsa ba shi da ƙarfi, yana da nauyi, kuma tunda dole akwai baƙin ƙarfe a jikinsa, wanki yana kawo masa tsatsa. Kada ya kusanci kayan yara ko kaɗan, domin yaron da ya haɗiye maganaɗisu biyu suna iya manne hanjinsa daga ɓangarori biyu su huda shi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ma kada a sa masa shi a kusa da ƙirji.

A taƙaice

| Iri | Kuɗin maɓalli | Kayan sawa | Riƙo | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na ɗinki | Mafi araha | Allura da zare | Kaɗan | Gwargwadon zaren | Tsinkewar zare |
| Na roba | Araha | Filaya ko inji | Matsakaici | Ba tsatsa, ba ya son wuta | Narkewa a guga |
| Mai haƙora | Matsakaici | Filaya ko inji | Mai taushi | Mai kyau a yadi mai talewa | Haƙori a waje |
| Mai waya biyu | Matsakaici | Huda da bugu, ko inji | Matsakaici | Mai kyau | Murƙushe waya |
| Mai zobe | Mai tsada | Huda da bugu, ko inji | Mafi ƙarfi | Mafi daɗewa | Yaga yadi |
| Na maganaɗisu | Mai tsada | Reza da filaya | Kaɗan | Ba ya son ruwa | Haɗiyewa |

Abin da teburin bai nuna ba

Maɓallai biyu na iya zama iri ɗaya, lamba ɗaya, ƙyalli ɗaya, amma ɗaya tagulla ne aka yi wa rufi, ɗayan baƙin ƙarfe. Tagulla ba ta jan tsatsa. Baƙin ƙarfe kuwa da zarar rufin ya goge, zufa da ruwan wanki sun same shi, sai ka ga jan tabo ya zagaye shi a farar riga, tabon da sabulu ba ya fitarwa. Araha ba ta ado. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka kara shi a hular: idan ta manne da ƙarfi baƙin ƙarfe ce. Hular ko namijin za ka gwada, ba macen ba, don wani lokaci wayar ciki kaɗai ce ke amsawa. Na tamfol da zai sha damina, in ba tagulla ba to ƙarfen nan da ba ya tsatsa.

Rufin mai ƙyallin azurfa yawanci nikel ne, kuma akwai mutane da dama da fatarsu ba ta shiri da shi, sai ƙaiƙayi da ƙuraje a daidai inda ya taɓa. Tarayyar Turai ta ɗauki abin da muhimmanci har ta kafa doka a 1994 da ta iyakance nikel ɗin da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su riƙa saki, kada ya wuce maikirogiram 0.5 a kowace murabba'in santimita a mako. In maɓallin zai kwanta a fata kai tsaye, ka nemi wanda aka rubuta ba nikel, ko ka koma na roba, ko ka rufe bayansa da ƙyalle.

Sai batun kayan aiki. Injin dannawa na hannu da ake ɗaurewa a tebur shi ya fi fitar da aiki a miƙe, kuma inji ɗaya yana sa kusan kowane iri, amma kowane iri da kowane girma da nasa kan da ake sauyawa. Kan 633 ba ya buga 831, balle 201. Ka sayi maɓalli da kansa a shago ɗaya, a gwada a gabanka a kan guntun yadin da za ka yi aiki da shi, da ninkinsa yadda zai kasance. Wanda maɓalli goma kacal yake so kuwa, ba sai ya sayi komai ba, masu injin buga botin suna nan a layin teloli, a biya su kuɗin kowane ɗaya.

Wa zai ɗauki wanne

Mai ɗinkin kayan jarirai, idan yadin mai talewa ne ki ɗauki mai haƙora wanda ba nikel, idan auduga ce ninki biyu ko abin tare yawu ki ɗauki T5 na roba. Ko wanne kika sa, ki ja shi da ƙarfi kafin ki miƙa, domin wanda ya fita a bakin yaro zai ƙare. Ƙa'idar Turai ta kayan wasan yara, EN 71, tana gwada ƙananan abubuwa da jan da ya kai kusan nauyin kilo 9, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a riƙe a ka. Ki kuma gaya wa uwar kada dutsen guga ya hau na roba.

Mai kwangilar yunifom, inji da 633 na tagulla za su fi maka, saboda kayan makaranta wanki da guga suke sha duk mako. Baduku da mai ɗinkin jaka, fata mai laushi da walat mai waya biyu, fata mai kauri da maɗauri mai zobe, murfin jakar mata na maganaɗisu da faci a bayansa. Idan jakar ta kuɗi ce ko za a shiga cunkoso da ita, maganaɗisu kaɗai bai isa ba, a haɗa da zif. Mai tamfol da labulen Adaidaita Sahu, 201 na tagulla a ninkakken gefe, kada a yarda da wani. Mai jinyar dattijo ko wanda yatsunsa ba su da ƙarfi, babban na roba ko mai haƙora, don mai zobe zai gagare shi buɗewa.

Telan manyan kaya kuma, shadda da leshi da boyel, na ɗinki ne naka, ƙarami, a ɓoye, a kan wurin da ka ƙarfafa da gam. Idan shaddar za ta riƙa zuwa wajen masu bugu, dalilin ya ƙara ƙarfi: babu maɓallin dannawa da ke jure dukan taɓaryar bugu, na roba ya fashe, na ƙarfe ya lotse ya kuma huda yadin da ke ninke a kansa. Na ɗinki ne kaɗai za a iya warwarewa kafin a kai, a mayar bayan an dawo da ita.